Mai Haƙurin Cikin Rediyo

"Ki faɗa mana… kalma biyu ce fa!"

Tana tsaye bakin tagar falo, ta juya masa baya, hannunta damƙe da labule.

"Rabin raina, da ke nake."

"Na ji ka."

"To ki ce kin yafe min! Wancan azzalumin mijin naki na rediyo sau nawa kika faɗa masa? Ya mare ki, kin yafe. Ya watsar miki da kaya waje, kin yafe. Ni ne kaɗai ban cancanta ba?"

Sai a lokacin ta juyo. Idanunta sun kumbura, leɓenta ya bushe.

"Wancan rubuta min ake yi, Abban Lele…"

Maganar ta maƙale. Sunan da ya kuɓuce mata ya soke su su biyun. Ya zauna a hannun kujera ya dafe kai. Babu Lele yanzu.

Ita 'yar wasan kwaikwayo ce a gidan rediyo. A shirin da ake sawa kowane mako, ita ce matar da ake zalunta ba ta ɗaga murya, har sunan Mai Haƙuri ya bi ta kasuwa, ya bi ta gida, ya danne sunanta na gaskiya. Shi kuma kantin kayan gini gare shi. Mahaifiyarsa, Inna, idonta ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarta. Tun kafin su haɗu, duk ranar shirin sai Inna ta sa shi ya zauna su saurara tare, tana share hawaye tana cewa, "Allah Ya ba ka irin wannan, ɗana."

Ranar da ya kai fenti gidan rediyon, ya ji wata na faɗa a bayansa.

"Malam, wannan bokitin naka a hanya zai kwana?"

Ɗaya bokitin da ke hannunsa ya kusa suɓuce masa. Ya san muryar nan kamar ta gidansu.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Tun yana zuwa zance ta ce, "Ni fa ba ita ba ce. Ina da tsiwa. In raina ya ɓaci har maƙwabta sai sun ji."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke ɗin? Allah Ya nuna min ranar!"

Sun so juna, wannan ba ƙarya. Yakan rufe kanti ya zo ɗaukarta da ƙurar siminti a gashin ido, ta sa bakin mayafi ta goge masa tana tsokanarsa da tsoho. Abu guda ne kawai. Duk lokacin da muryarta ta fara hawa, sai ya langaɓe kai ya ce, "Haba, Mai Haƙuri guda!" Sai ta haɗiye. Ta ga abin bai kai na rigima ba.

Har ranar da Lele, ɗansu ɗaya tilo da bai daɗe da fara tafiya ba, ya tashi da zazzaɓi.

Da hantsi ta kira shi. Ya ce ta ba shi maganin da ke gida. Da rana ta sake kira, jikin yaron ya yi zafi kamar dutsen guga.

"Ka zo mu tafi asibiti!"

"Motar siminti ake saukewa, zuciyata. Ki yi haƙuri kaɗan, yanzu zan zo. Kar ki fita da shi cikin ranar nan."

Ta yi haƙurin. Ta zauna tana jiƙa tawul tana shafa masa, tana leƙen ƙofa. Da idon yaron ya fara juyewa ta saɓe shi ta fita ba takalmi. A bayan motar haya, kafin su kai ƙofar asibiti, hannun da ke riƙe da wuyan rigarta ya saki.

Washegari gida ya cika da masu gaisuwa. Kowa ya shigo abu ɗaya yake faɗa: "Ke ai ba sai an ba ki haƙuri ba, ke kike koya mana." Da mijin ya durƙusa gabanta ya ce, "Ki yi haƙuri," wani abu ya tsinke a ƙirjinta.

"Haƙuri? Shi na yi ai! Shi na yi ɗana ya mutu! Siminti ka zaɓa!"

Falon ya yi tsit. Kafin la'asar yayyensa mata sun gama yanke hukunci: ashe muguwa ce, muryar ce kawai mai daɗi.

Tun daga ranar, gidan ya zama kamar ɗakin jiran likita. Shi yana bin ta da roƙo, ita tana bin bango.

Da safen nan, bayan roƙon da ya yi mata a bakin taga, ta yafa mayafi ta koma wurin aiki karo na farko.

Ɗakin ɗaukar murya na nan yadda ta bar shi, bango lulluɓe da soso, sanyin na'ura na ratsa ƙashi. Darakta, wanda shi ne kuma marubucin shirin, ya yi mata gaisuwa ya miƙo rubutun makon. Ta sa abin ji a kunne, jar fitila ta kama.

"Maigida, komai ka yi min na… na…"

Shiru.

"A sake!" in ji Darakta ta bayan gilashi.

Ta sake. Nan dai ta kuma tsayawa. Ya buɗe ƙofa ya shigo.

"Lafiya?"

"Darakta, ka bar ta ta yi fushi. Sau ɗaya tak. Ta ɗaga murya ta ce ya cuce ta."

Ya cire tabarau yana murza ido. "Ƙanwata, ba yau kika fara aikin nan ba. Matan labari sanannu ne. Akwai mai haƙuri, akwai muguwa, akwai uwa mai kuka da addu'a. In ana son dariya a sako 'yar aiki mai surutu. Mai haƙuri ta yi ihu, ta tashi daga mai haƙuri."

"Ta koma me?"

"Kin sani ai."

"To wadda ɗanta ya mutu, tana son mijinta kamar ranta, kuma in ta kalle shi zuciyarta na tafasa fa? Ita a ina take?"

"Ba ta cikin labari. Masu sauraro za su rikice, su rasa wa za su so, wa za su tsana." Ya rage murya. "Amma tunda maganar abin da ya faru a gidanku ta zaga gari… ina da wata muguwar matar wa da zan shigo da ita. Wallahi za ki yi suna da ita!"

Ta zare abin kunnen a hankali, ta rataye a jikin makirfo, ta fita. Yana kiranta ba ta waiwayo ba.

A gida ta tarar da Inna zaune a bakin gadonta, carbi a hannu. Tsohuwar ta gane takunta.

"Zo nan, 'yata."

Ta durƙusa. Inna ta lalubo fuskarta da tafin hannu.

"Yayyensa sun zo ɗazu. Sun tasa shi gaba wai sai ya rabu da ke. Ni ba na so. Ki rufa min asiri ki faɗa masa abin da yake son ji, ko a baki ne. Mu haka muka yi, gidajenmu suka zauna."

"Inna… duk wanda kika ce kin yafe wa, kin yafe masa?"

Carbin ya tsaya. 

"Ba a taɓa tambayata ba," in ji tsohuwar. "Ni ma ban tambayi kaina ba."

Motsi suka ji a bakin ƙofa. Mijin ne a tsaye, ya rame, rigar kamar ta aro. Ya ji komai.

Matar ta miƙe ta isa gabansa.

"Zan iya faɗa maka yanzun nan," ta ce. "Da muryar da kake so, har da ɗan kukan nan a ƙarshe. Wallahi ba za ka gane bambanci ba, sana'ata ce. Amma kai ba mai sauraro ba ne, mijina ne. Ba zan yi maka wasan kwaikwayo a kan gawar ɗana ba."

"Ɗana ne ni ma!" Muryarsa ta fashe. "Kina jin ina barci? Ko motar siminti na gani sai jikina ya ɗau rawa! Ke nake jira ki sauke min wannan kayan…"

"Ni ma ɗauke nake da nawa. Da ban saurare ka ba, da na fita tun da hantsi. Kullum sai na faɗa wa kaina." Ta kamo hannunsa ta ɗora a kumatunta. "Ina sonka, abin ƙaunata. Ina kuma jin zafinka. Duka biyun gaskiya ne. Ka zauna da ni a haka. In na yi ihu ka bar ni in yi. Kai ma ka yi. Wata rana Allah zai sanyaya mana, in faɗa maka daga zuciyata."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

"In ranar ba ta zo ba fa?"

Ta ƙi ƙirƙiro masa amsa.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, kamar mai neman wata a bayan fuskarta. Sannan ya zare hannunsa a hankali.

"Ba zan iya ba," ya ce. "In tashi kullum in ga laifina a idonki… ba zan iya ba. Ki je gidan Yayanki."

"Ɗana!" Inna ta miƙe tana laluben bango. "Kar ka yi! Kar ka yi min haka!"

Bai juyo ba, don ya san in ya juyo zai durƙushe.

Ba ta ɗauki kaya da yawa ba. Shi da kansa ya ɗauki jakar, shi ya tare motar haya a bakin titi, ya sa jakar a baya. Ya sunkuya ta taga ya ce wa direban ya bi a hankali, mota na sa ta jiri.

Ta shiga ta zauna. Ya riƙe murfin ƙofar bai rufe ba. Daga cikin gida ana jiyo Inna tana kiransu, shi da ita, ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗago tana kallon bakinsa, ko zai ce ta fito. Shi ma bakinta yake kallo. Hawaye na bin fuskokinsu, babu mai sharewa.

"Mu tafi, Hajiya?" direban ya tambaya.

Motocin da ke baya suka fara matsa ƙaho.

Ya tura ƙofar a hankali har ta rufe.

Sai da suka sha kwana, ta daina hango shi tsaye a bakin titi, sannan ta kifa kai a bayan kujerar gaba ta saki kuka mai ƙarfi, har direban ya gangara gefen hanya ya kashe mota.