Hular Baba Famau

"Mwanaidi, zo mana! Zo ki gane mini wannan fuskar!"

Muryar Swabra ce, 'yar mai masaukin baƙin. Ta ɗaga ta yadda duk wanda ke tsakar gidan zai ji. Wajen a cike yake. Turawa, Larabawa, 'yan gari, kowa da ɗan kofin gahawa a hannu, ana kallon hotunan da Hilal, baƙo mai ɗaukar hoto, ya rataye a bango. Ranar nuna aikinsa ce, hotunan da ya ɗauka lokacin da Mwanaidi ke zagayawa da shi lungunan Lamu, tsibirin nan na gaɓar tekun Kenya.

Ta ƙaraso da murmushi. Nan take ya mutu a fuskarta.

Hoton ya fi sauran girma. Tsoho ne zaune a dakali, kansa ba hula, jakinsa a baya ɗauke da buhunan yashi. Hular na kan gwiwarsa, bakinta na kallon sama. A ƙasa an rubuta: Mabaraci a bakin kasuwa.

"Ni na taya shi rubutun," in ji Swabra, tana gyara mayafi. "Amma tun ɗazu hancin nan nake kallo. Wallahi kamar naki! Ba Baba Famau ba ne? Ba babanki ba ne?"

Idanu suka koma kan Mwanaidi.

Hilal ya juyo, kyamara a wuyansa.

"Naidi… me take cewa? Ba kin ce babanki harkar sufuri yake yi ba?"

"Sufuri ne mana!" Swabra ta ƙyalƙyale. "Jakai gare shi. Ɗaya ma gurgu ne."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Mwanaidi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice. Takalminta ɗaya ya zame daga ƙafarta a bakin ƙofa, ba ta tsaya ɗauka ba.

Aikinta rakiyar baƙi ne. Ta iya Turanci, ta san kowace ƙofa mai sassaƙa, ta san inda rana ke faɗowa da kyau a kan jiragen ruwa. Hilal daga Maskat ta ƙasar Oman ya zo. Kakarsa 'yar gaɓar nan ce, shi ya sa yake jin harshen gari, ko da yake yana yin sa kamar yaro. Ɗan manyan mutane ne, hannunsa bai san igiya ba. Ya so ta, ta so shi. A bakin teku ya ce mata, "Ba zan koma ba sai da ke, hasken idona." Da ya tambayi sana'ar babanta, ta kalli agogon hannunsa, ta ce sufuri.

Sai ranar nan ta kasuwa.

Baba Famau ya sauke kaya, ya zauna ya huta. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa don gumin ciki ya sha iska. Haka duk masu jakai suke yi. Hilal ya hango shi, ya ɗaga kyamara, ƙyat! Sannan ya matsa ya saka takardar kuɗi a cikin hular, kamar yadda ya saba yi a garuruwan da ya ratsa.

"Wane ne wannan dattijon?" ya tambaye ta.

Tsohon ya ɗago. Idonsa ya shiga cikin nata.

"Wani tsoho ne kawai," ta ce. "Ban san shi ba. Mu je, rana na wucewa."

Da ta waiwaya, ta ga tsohon ya kife hular, kuɗin ya faɗa kwata, ruwa ya tafi da shi.

Tun ranar bai sake sa hula ba. Dattijo da furfura, yana yawo a gari kai buɗe, har masallaci. Mutane na tambaya ko lafiya, ya ce zafi. Bai yi mata maganar ba. Ita ma ba ta yi ba. Tana dafa abinci, yana ci, shi ke nan. Hular kuwa, mahaifiyarta ce ta ɗinka masa kafin aurensu, kamar yadda kowace amarya ke ɗinka wa angonta. Matar ta rasu. Hular ce ta rage.

Da ta iso gida daga wajen nuna hotunan da ƙafa ɗaya ba takalmi, babanta yana tsakar gida yana ba jakai ruwa. Labari ya riga ta.

"An ce na hau bango," ya ce, bai juyo ba. "An ce har da suna aka raɗa mini."

Ta zube a gabansa.

"Baba… Baba, ka yafe mini! Wallahi ban san zai…"

"Wace ce ke?"

"Baba!"

"Ban san ki ba." Ya zuba wa gurgun ruwa. "Matsa, kina tare wa dabba hanya."

Kuka ya ƙwace mata. Bai kalle ta ba.

Washegari da safe Hilal ya tare ta a lungu, takalminta a hannunsa. Idanunsa sun yi ja.

"Ungo."

Ta karɓa, kanta a ƙasa.

"Kin bari na zagi babanki da hannuna, Naidi. Kina tsaye! Kalma ɗaya kawai…"

"Na ji tsoro."

"Tsoron me?"

"Kada ka ga jaki ka fasa."

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ni? Ni da na zo daga wata duniya don in ɗauki hoton jakan nan? A bango sun burge ki, a gidanku sun ba ki kunya?"

Ta matse takalmin a ƙirjinta.

"Swabra ta sani tun ranar da aka wanko hoton," ya ce. "Ita ta ce a ƙara masa girma. Jiya ta zo ɗakina da halwa, alewar nan ta garinku, wai ita za ta riƙa raka ni, babanta yana da gidaje."

"Ka je mana," ta ce. "Ita ba ta da abin ɓoyewa."

"Na mayar mata da halwarta." Ya kawar da kai. "Ina son ki, zuciyata. Har yanzu. Amma ban iya kallon ki sosai ba, kuma ban iya kallon kaina ba. Ina ne gidanku?"

"Kada ka je! Zai…"

"Ina ne?"

Ta nuna masa.

Ta laɓe bayan ƙofa tana ji. Hilal ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye hoton a naɗe a gaban tsohon.

"Baba, ni ne na ɗauka. Na sauke shi daga bango. Ka ƙona shi in ka so. Na zo neman gafara."

Baba Famau yana gyara akumari. Bai daina ba.

"Kafin ka ɗauka, ka yi sallama?"

"Ban yi ba."

"Ka tambayi sunana?"

"Ban tambaye ka ba, Baba."

"Na miƙa maka hannu?"

"A'a."

"To." Ya ja zare da haƙori. "Kai ba ka sani ba. Na yafe maka. Tashi, wandonka mai tsada ne."

Hilal bai tashi ba.

"Akwai magana ta biyu, Baba. Ina neman auren 'yarka."

"Ba ni da 'ya."

"Baba…"

"Akwai wata yarinya a gidan nan, tana dafa abinci. Ka tambaye ta. A gabanka ta ce ba ta san ni ba. Yaya zan ba ka abin da ba nawa ba?"

Bayan ƙofa Mwanaidi ta cusa mayafi a baki don kada a ji ta.

Hilal ya fita jiki a sanyaye. Jirginsa na nan tafe a ƙarshen mako. Ba waliyyi, ba aure. Wannan ta sani. Amma da ta zauna ta yi tunani, ba jirgin ne ya fi ci mata rai ba. Kan babanta ne, a buɗe, rana na dukan furfurarsa a tsakiyar gari, kowa na gani.

Ta nemi hular. A turken jakai ta same ta, rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta. Ta wanke da hannunta. Zaren ya warware a gefe, inda yatsansa ke kamawa. Ta ɗauko allura ta bi sawun ɗinkin mahaifiyarta, huda bayan huda. Nata bai kai na uwar kyau ba. Ta soke yatsa har ya yi jini. Ta ci gaba.

Da hantsi ta nufi kasuwa.

Lokacin cikowar mutane ne. Masu kifi na ihu, masu jakai na neman hanya. Baba Famau na kan dakalin nan, kai buɗe. Can gefe ga Swabra da ayarin baƙi, ita ce 'yar rakiya yau, tana nuna musu wata ƙofa. Hilal ma na nan, jingine da bango, kyamararsa a cikin jaka.

Ƙafafun Mwanaidi suka so su juya. Ta hana su.

Ta je ta kwance igiyar gurgun jakin, ta naɗa a hannunta. Ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Jama'a!"

Muryar ta fito 'yar ƙarama. Ta sake.

"Jama'a, ku saurare ni! Wannan dattijon babana ne. Famau sunansa. Da bayan jakan nan ya ciyar da ni, da su ya kai ni makaranta. Bai taɓa roƙon kowa ba. A nan wajen na ce ban san shi ba. Ƙarya na yi!"

Ta juya wajen baƙin, ta maimaita da Turanci, kalma bayan kalma, hawaye na zuba.

"Ikon Allah," in ji Swabra. "Yau kuma wasan kwaikwayo ake mana kyauta?"

Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ta harare ta.

"Ke, rufe mana baki! Kakanki ma a bayan jaki ya tara abin da kuke taƙama da shi."

Aka yi dariya. Swabra ta ja baƙinta ta yi gaba. Rabinsu ba su bi ta ba.

Wani Bature ya ɗaga kyamara. Hilal ya sa tafin hannu ya rufe gilashin.

"Ka tambaya tukuna," ya ce.

Mwanaidi ta durƙusa a kan duwatsun hanya, ta miƙa hular da hannu biyu.

Baba Famau ya bar ta a haka. Ya daɗe. Gwiwoyinta suka fara zafi, ba ta sauke hannu ba.

"Haka ake miƙa wa mutum hula?" ya ce daga ƙarshe. "Baki a sama? Bara kike yi? Kife ta."

Ta kife.

Ya karɓa, ya juya ta, ya ga sabon zaren. Ya shafa wajen da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni ce, Baba."

"Uwarki da ta gani, da ta warware shi." Muryarsa ta ɗan karye. Ya yi tari ya gyara ta. Sai ya mayar mata da hular, ya sunkuyar da kai.

Ta tashi ta sa masa.

"Tashi daga rana, Naidi," ya ce. "Jeki ki ɗaure dabbar nan, ba a riƙe ta haka."

Naidi. Ya kira sunanta! Ta faɗa kafaɗarsa tana kuka. Ya bar ta kaɗan, sannan ya ture ta a hankali.

"Ya isa. Kasuwa ce."

Hilal ya matso.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Ka fara koyo."

"In ɗauka?"

Tsohon ya gyara zaman hular, ya miƙe ƙirji.

"Ɗauka. Ka sa yarinyar a ciki. Da gurgun, ya fi ku aiki duka."

Ƙyat!

"Me zan rubuta a ƙasa, Baba?"

"Sunana. Da na 'yata."

Hilal ya sauke kyamara.

"To… tunda yanzu akwai 'ya…"

"Kai, ba ka da kunya? A kasuwa?" Ya kama igiyar jakinsa. "Ka turo manyanka gida. Su zo da huluna a kansu."

Ya yi taku kaɗan, ya waiwayo ya kalli kan Hilal, sannan ya kalli 'yarsa.

"Ki fara tasa tun yau. Kan nan babba ne, ke kuma hannunki bai iya ba."

Jirgin ƙarshen mako ya tafi ba Hilal. Manyansa suka zo daga Maskat, suka zauna a tabarma kusa da turken jakai, suka sha gahawa, aka ba su. Bayan azumi aka ɗaura.

Hular da ta ɗinka masa ta karkace a gefe ɗaya. Ranar da ta miƙa masa ta rufe fuska.

"Kada ka sa, don Allah! Za a yi maka dariya."

"Su yi, amaryata."

Ya sa, ya fita da ita masallaci a bayan surukinsa.

Hoton uba da 'ya da gurgun jaki na rataye a zauren gidan har yau. Hilal yana yawon ƙasashe da kyamararsa, wani lokaci da matarsa. Duk inda ya je sai ya yi sallama, ya tambayi suna, kafin ya ɗaga ta. In zafi ya dame shi ya cire hular, a kife yake ajiye ta.