Ɗebi da Hannunka

Ku matso kusa, 'ya'yana, musamman ku masu yawo da kayan kamfani shago-shago, don labarin nan naku ne. Ba shi da daɗi, amma gara ku ji shi a bakina da ku gan shi a gidajenku.

Hashim mutumin unguwar Bolori ne, mai mata ɗaya, Yagana, da 'ya'ya biyu: Siddiƙa da ta fara zuwa makaranta, da Sa'id da ke goye. Aikinsa tallan kayan wani kamfani, omo da madarar gari da magi. Yakan cika keken kamfani mai ƙafa uku ya bi garuruwa, Konduga, Bama, Mafa, yana sauke wa masu shaguna. Kamfani na ba 'yan talla buhun ƙananan ledoji na kyauta don su riƙa yi wa masu saye gyara. Sauran 'yan talla su ke ɗebowa su miƙa. Shi kuwa Hashim sai ya buɗe bakin buhun ya yi murmushi ya ce, "Ɗebi da hannunka." Kunya ba ta barin mai shago ya ɗebi da yawa, ga shi kuma ya ji an girmama shi. Da wannan 'yar dabara ya mallake masu shaguna, har maganar ta zauna masa a baki kamar sallama.

Sai rikici ya zo. Hanyoyi suka rufe, aka ƙone kasuwanni, masu shagunan da ke tarbarsa da shayi suka dawo cikin gari suna kwana a azuzuwan makaranta. Aka yanke sabis ɗin waya, aka sa dokar hana fita. Amma can Legas, inda manyan kamfani ke zaune cikin sanyi, ba wanda ya rage tagit, wato yawan kayan da dole kowane ɗan talla ya sayar a wata. Kamasho ya tsaya cak. Manaja ya kira Hashim ya ce in wata ya ƙare bai cika ba, ya ajiye makullin keken kamfani.

Ranar suna layi a shingen sojoji, rana na dukan ƙwaƙwalwa, abokin aikinsa Yoila, dattijo mutumin Biu da ya tsufa a talla, ya dube shi ya yi dariya.

"Mutumina, da wannan fuskar taka ko ashana ba zan saya a hannunka ba."

"Oga Yoila, bar wasa. Korata za a yi."

"To saurara. Masu shagunanka ba su mutu duka ba, suna nan unguwar Ajilari, suna nan a sansanin 'yan gudun hijira. Je ka gaishe su, ko ba za su sayi komai ba. Matan da ke soya ƙosai a bakin sansanin nan, su ma masu saye ne, sai dai leda-leda. Kuma a'ar da mai shago ya ce maka yau, ta yau ce kawai. Jibi ka koma."

"Leda-leda har yaushe?"

"Har Allah Ya buɗe hanya. Ni haka nake yi, kuma ba a kore ni ba tukuna."

Magana ce ta gaskiya, amma kunnen Hashim ba ya wurin. Idonsa na kan wasu sa'o'insa da suka samu kwangilar kai wa ƙungiyoyin agaji kaya, suka wayi gari da benaye. Ba riƙe aiki kaɗai yake so ba, so yake ya wuce su. Da wani direba ya raɗa masa labarin wani tsoho da ke gyara wa 'yan kasuwa baki, bai yi shawara da kowa ba.

A shekarun nan har tsafi da rana tsaka ake zuwa yinsa, saboda dokar hana fita. Can bayan unguwar Umarari, a wani layi da mutanensa suka gudu suka bar ƙofofi a buɗe, nan tsohon yake, cikin wani shago da wuta ta lashe rufinsa. Ba kare, ba tsuntsu. Kantocin da a da ake jera sabulu a kansu, yanzu ƙahonni ne a jere, da kawunan dabbobi da suka bushe suna yaƙe haƙora. Ƙarnin jini ya cika wurin, amma ko ƙuda ɗaya babu. A tsakiya akwai wata baƙar tukunya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙyallen na hawa yana sauka kamar cikin mai barci. Tsohon na zaune a gefenta cikin farar riga tas, da kwanon awo a kife a gabansa.

"Wushe, sannu da zuwa, ɗan kasuwa," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Me kake nema?"

"Duk wanda ya gan ni, ya ji ba abin da yake so sai ya saya a hannuna."

"Ƙaramin abu. Amma nan ba a kyauta, kuma ba ma karɓar kuɗi. Na cikin tukunyar nan mai saye ne. Ka sayar masa, ya biya ka da bakin da kake so." Ya buɗe kwanon awon, ya fara tayi. "Yaron nan da ke goye."

Hashim ya ja da baya. Amma da ya ji ciniki ne, sai jinin sana'a ya motsa masa.

"Albarka," ya ce.

"Babbar, mai zuwa makaranta."

"Albarka."

"Uwarsu fa?"

"Baba, albarka! Ban kawo iyalina kasuwa ba. In a jikina ne, taya."

Tsohon ya ɗago a karon farko. Idanunsa ba sa ƙiftawa. Ya taya ido, Hashim ya ƙi. Ya taya ƙafa, ya ƙi. Ya taya barci, Hashim ya miƙe kamar zai tafi, yadda yake yi wa masu shago masu taurin kai. Ƙyallen tukunya ya kumbura, ya sauka.

"Dawo," in ji tsohon. "Ɗanɗanon harshenka. Ba za ka sake jin daɗin abinci ba har ka mutu."

Hashim ya auna. Mene ne ɗanɗano a kan bene da mota? Ya ce, "Na sallama."

Aka kwance ƙyallen, Hashim ya tofa yawu a cikin tukunyar, bai ji saukarsa ba. Tsohon ya lakato wani baƙin abu ya shafa masa a harshe, sanyinsa ya ratsa har ƙeya. Hashim ya miƙe yana kakkaɓe riga, zuciyarsa fes. A ransa cewa yake, yau ko aljani ya san ya gamu da ɗan talla.

Yana bakin ƙofa tsohon ya yi magana cikin muryar wasa, irin ta masu shago.

"Haba ɗan kasuwa, ciniki irin wannan, ba gyara?"

Wayyo, 'ya'yana. Bakin da ya saba, kafin hankali ya iso ya riga ya gama. Hashim ya yi dariya ya ce, "Ɗebi da hannunka, Baba."

Wani abu ya juya a cikin tukunyar, kamar babban kifi a ƙaramin ruwa.

Da yamma Yagana ta ajiye masa burabusko da miyar bandar kifi. Ya kai loma, ya ji kamar jiƙaƙƙen kwali yake tauna. Ya haɗiye ya ce ya yi daɗi.

Washegari tun kafin ya kashe keke masu shago suka yanyame shi. Wanda ya kore shi jiya, yau shi ke riƙe masa riga. Kafin azahar kaya sun ƙare. Manajan da ya ce zai kore shi ya ba shi mota. Ƙungiyoyin agaji suka riƙa nemansa, ya buɗe sito nasa na kansa, ya rushe gidan ƙasa ya tayar da bene, Yagana ta sa laffaya ta gani ta faɗa, ƙamshin turaren wutarta har bakin titi. Aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba.

Kaji aka fara tsinta a mace, ba yanka, ba ciwo, sai dai ba nauyi, kamar an kwashe abin da ke ciki. Aka ce cuta ce. Sai ragon layya. Aka ce ya ci leda. Ranar da Hashim ya sa hannu a babbar kwangilarsa ta farko, Yagana na tsakar gida tana shanya, ta ji goyon da ke bayanta ya yi sakayau. Ta kwanto Sa'id, idonsa a buɗe, ba rai.

Bayan sadakar bakwai ta daina barci, ta daina tsefe kai. Ta toshe tagogin benen da tsumma, tana zagaye ɗakuna da muciya.

"Baban Siddiƙa, hannu ne," take cewa. "Ba jiki, hannu kawai. Ta taga yake shigowa yana lalube, kamar mai ɗiba a buhu. Kai ba ka gan shi? Kai ka ce masa ya shigo?"

An yi ruƙiyya, an je asibiti, abin sai gaba. Ranar da ta fita titi ba ɗankwali tana ihu, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, da igiya a ƙafa.

Hashim ya koma bayan Umarari a guje. Tsohon na nan yadda ya bar shi.

"Ɗanɗano na sayar maka! Ɗanɗano kaɗai!"

"Shi na saya, kuma na biya. Sauran gyara ne."

"Wane irin gyara ne ya fi kayan da aka saya?"

"Ka auna min? Cewa ka yi in ɗiba da hannuna. Masu shagonka suna jin kunyarka, shi ya sa suke tsakura. Mu ba mu da ita." Ya shafa tukunyar. "Duk cinikin da ka yi da bakin nan, muna da gyara a ciki. Da ƙanana muka fara. Sun ƙare."

"Na fasa. Karɓi bakinka."

"Ka taɓa karɓar kayan da ka sayar bayan an buɗe kwali? Saura yarinya ɗaya a gidan. In kana son ta, kada ka ƙara sayar da ko tsinke."

Ranar Hashim ya buɗe sito ya ce kowa ya kwasa. Ya ajiye aikin kamfani, ya mayar da mota, ya kulle kansa a gida shi da Siddiƙa. Abin da ya tara ya tafi a maganin Yagana da abinci, kuma bene ba ya sayuwa, tunda sayar da shi ma ciniki ne. Suka zauna cikin manyan ɗakuna suna shan kunu. Da hannunsa yake yi wa yarinyar kitso, karkatacce, tana yi masa dariya. In ta tambayi yaushe Mama za ta dawo, sai ya ce an kusa.

Da damina ta sauka zazzaɓi ya kama ta. Jikinta kamar garwashi, har ta fara fizge-fizge. Ba ko kwabo a gidan. Ya rufe ta da zane ya fita neman taimako.

A nan ya ga ainihin abin da ya roƙa. Maƙwabcin da ya ce wa don Allah a taimaka, sai ya ƙura wa takalminsa ido ya ce, "Alhaji, nawa za ka bar min?" Limamin unguwa ya taya rigarsa. Mata suka fito daga gidaje suna bin sa, wannan na taya agogo, wannan na taya maɓalli. Yana kuka yana cewa 'yarsa ce ba lafiya, su kuwa suna ƙara farashi. Ba mai iya ba shi sadaka, ba mai iya ba shi rance. Duk wanda ya gan shi, saye kawai yake so.

Ya hango Yoila a bakin sansani yana sauke wa masu ƙosai kaya. Ya faɗi a gabansa.

"Oga Yoila, Siddiƙa za ta mutu. Maganin zazzaɓi kawai. Don Allah, ba ciniki ba, kyauta."

Yoila ya sa hannu a aljihu da sauri. Hannun ya tsaya a ciki. Fuskarsa ta yamutse, hawaye suka zubo masa, yana kokawa da bakinsa.

"Mutumina... ina so in ba ka... wallahi ina so..." Idonsa ya faɗa kan hular Hashim. "Hular nan. Sayar min da hular nan."

Hashim ya tsaya, ruwa na zuba a kansa. In bai sayar ba, zazzaɓi zai ɗauke ta. In ya sayar, ya san wanda zai zo. Ya ce a ransa, hula ce fa, tsohuwar hula, gyaranta ba zai kai rai ba. Har a lokacin lissafin ɗan kasuwa yake yi.

Ya cire ta. "Na sallama."

Ya sayi maganin ya ruga, yana faɗuwa a taɓo yana tashi. Ƙofar na kulle yadda ya bar ta. Siddiƙa na kwance cikin zanenta, zazzaɓin ya sauka, jikin ya yi sanyi. Ya ɗago ta da hannu biyu, ya ji kamar zanen kaɗai ya ɗaga.

Shi kaɗai ya haƙa mata rami a tsakar gida, don ya ji tsoron abin da mutane za su taya in ya fito da ita a kafaɗa.

Benen na nan a Bolori, ciyawa ta fito ta tagogi. Hashim kuwa yana yawo a bayan gari inda ba mutane, ya ɗaure bakinsa da tsumma, yana tsintar abin da zai ci a juji. In ya hango mutum sai ya ruga. Yoila ya yi ritaya a aikinsa da mutuncinsa, amma har yau ba ya son a ambaci ranar nan.

To ku masu talla, ku ji ni da kyau. Manaja zai yi muku tsawa, wata zai ƙare ba ku cika ba, mai shago zai kore ku a gaban jama'a. Ku share fuska ku koma, wannan duk cikin sana'a ne. Mutumin da ke iya ce muku a'a, shi ne mai iya tausaya muku ran da kuka faɗi. Kada kwaɗayi ya kai ƙafarku wurin masu tukunya kuna taƙama kun iya ciniki. Sun riga ku shiga kasuwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ci ribarsu ba. Allah Ya ba ku halak ɗinku, ko leda-leda ne, Ya bar muku 'ya'yanku.