Hannun Oga Mamman

Safar ƙarfen ta damƙe tsintsiyar hannun Tasi'u, ta bi da ita bakin bututu, wutar walda na tartsatsi. Layin ya fito sumul. Sai atishawa ta kama shi, layin ya ɗan karkace. Kafin ya ce wayyo, hannunsa na dama ya tashi da kansa ya sharara masa mari. Ya tofar da jini, har da guntun haƙori.

Tun da motoci suka koyi tuƙa kansu a birnin Sabuwar Dargaza, direbobi irin Tasi'u suka koma zaman kashe wando. Ruwan sha kuwa daga nesa ake jawo shi ta bututu, ga masu walda sun yi ƙaranci. Sai hukumar birni ta fito da tallafi: duk mai koyon walda yana da alawus a wata, muddin yana sanye da Gwanin-hannu, safar ƙarfe daga yatsu zuwa kafaɗa. Injiniyoyi sun kwafi motsin hannun marigayi Oga Mamman, shahararren mai walda, suka zuba mata, ba su tace komai ba. Shi kuwa Oga Mamman, Allah ya jiƙansa, hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Ranar rajista mahaifiyar Tasi'u, Inna Barira, ta raka shi, yadda ake kai ɗa wurin oga. Ta dubi na'urar ta ce, "Ga shi nan, amana. In ya yi ba daidai ba a hukunta shi, ba ruwana." Maganar baki ce ta iyaye. Na'ura ta ɗauke ta izini.

Kai, an daku! Sabi'u, abokin aikinsa, ya gaji ya ɗauki guduma zai fasa tasa safar. Ta cafke hannunsa na hagu ta murɗe, ƙashi ya ce ƙaras, ta buga kansa da bututu har ya daina motsi. Yana asibiti aka tsayar da alawus ɗinsa.

Tasi'u ya kai ƙara wurin injiniya. "Yallaɓai, abin nan kashe mu zai yi."

"Mahaifiyarka ce ta amince," in ji injiniyan. "Kuma ka taɓa ganin walda mai kyau kamar taku?"

A gida matarsa Hansatu tana gasa masa kumatu tana kuka. "Baban Hajjo, don Allah ka bar aikin nan. Mu sha garin kwaki."

"Maganin Inna fa? Makarantar Hajjo fa?"

Tsoro yake ji, wallahi, kullum da shi yake fita. Amma ya daure. Mari ya ragu, ranƙwashi ya ragu, har aka wayi gari hannunsa ba ya kuskure. Ranar yaye aka kwance masa safar, aka ba shi injin walda nasa na kansa, manya suka yi ta tafi.

Ya dawo gida da tsire da sabon takalmin Hajjo. Yarinyar ta rugo da murna, kofin kunu a hannunta. "Baba, sannu da zuwa!" Ta yi tuntuɓe, kunun ya ɗan zuba a wandonsa.

Tasi'u bai yi fushi ba. Dariya ma yake yi lokacin da hannunsa ya tashi.

Hajjo ta bugu da bango ta zube, jini na bin kunnenta. Hansatu ta ƙwalla ƙara. Shi kuwa ya tsaya yana kallon hannun, yana neman ƙarfen da zai cire. Babu komai a kai sai fatarsa.