Sunanki Tukuna

Ranar da suka zo ɗauke 'Yar Baba, Umma Mai Ɗinki tana durƙushe a tsakar ɗaki da almakashi a hannu, yarinyar kuma tana kwance rub da ciki kusa da keken ɗinki tana fama da lissafi. Ko sallamar kirki ba su yi ba. Gwaggo ce a gaba, yayar marigayi mijinta, Baffa ƙanensa yana biye da ita fuska a murtuke, maƙwabta kuwa sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa kamar an kira su. Gwaggo ta fizgo hannun yarinyar ta ɗaga sama, ta nuna wa kowa tabon ƙuna a wuyan hannun.

"Ku gani da idonku! Da dutsen guga ta ƙona ta! Marainiyar Allah, uwa ta mutu, uba ya mutu, an bar ta hannun matar uba ta mai da ita baiwa!"

"Gwaggo, ni na taɓa da kaina, ina miƙa hannu in ɗauko..."

"Rufe min baki! An koya miki abin da za ki faɗa."

Wayyo duniya! Umma ta ajiye almakashi ta miƙe tsaye. Ita da ta karɓi yarinyar nan tun tana tatata, ita da ba ta taɓa haihuwa ba ta ɗauke ta 'yar cikinta, yau ita ce azzaluma? Wata maƙwabciya ta taɓe baki ta ce ai kullum ƙofa a rufe take, kuma suna jin ana daka wa yarinya tsawa. Wannan kam gaskiya ne, ana rufe ƙofa, ana kuma tsawa, sai dai ba wanda ya tambayi dalili. Jarabawar shiga makarantar haziƙai ce ta matso, wadda yara dubbai ke zama a ɗauki 'yan kaɗan, kuma ita ce wasiyyar ƙarshe da uban yarinyar ya bari a gadon asibiti. 'Yar Baba akwai kai, amma akwai rawar jiki. A gwajin da aka yi musu a makarantarsu ta amsa komai daidai, ta miƙa takarda babu suna, aka ba ta sifili. Ranar Umma ba ta ci abinci ba. Ita a sana'arta ba ta taɓa sa almakashi a yadi sai ta rubuta sunan mai shi da alli a bayansa, don haka ta ɗora yarinyar a kan wannan. Kowace takarda, ko ta wasa ce, ko ƙyallen gwaji ne, da zarar fensir ya doshi tambaya sai Umma ta buga tebur: "Sunanki tukuna!" Tsawar da maƙwabta ke ji ke nan.

"Yaya," in ji Umma da ƙyar, hawaye na zuba, "ku yi min duk abin da kuka ga dama, amma ku bari ta yi jarabawar nan. Don Allah, don darajar mahaifinta..."

"Jininmu ce, mu muka san abin da ya dace da ita," in ji Baffa, ko kallonta bai yi ba.

Haka aka ja yarinyar tana waiwaye tana kiran Umma, takalminta ɗaya ma a nan ya zauna.

Daga ranar unguwa ta juya mata baya. Masu kawo ɗinki suka riƙa zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. In ta fito ɗibar ruwa hira ta mutu, in ta wuce a ci gaba da ƙus-ƙus. Wata har jan ɗanta ta yi gefe don kada ya gifta ta gabanta. Umma sai ta koma ɗaki ta rungume takalmin nan ta yi ta kuka, tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ban roƙe Ka Ka wanke ni ba, ita dai kada wahalarta ta tafi a banza."

Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Gwaggon da tun rasuwar ƙanenta ba ta taɓa aiko wa yarinyar nan ko sabulu ba, yaushe tausayi ya kama ta haka? Kuma me ya sa sai yanzu? Ta je gidan Gwaggo, aka ce yarinya ba ta da lafiya, ba a ganinta. Ta tsaya jikin taga, sai ta jiyo muryar 'Yar Baba garau tana bitar lissafi, ita kuwa Lele, 'yar autar Gwaggo da ita ma za ta zauna jarabawar, tana tsakar gida tana wasan igiya hankalinta kwance. Ta je makaranta, malamin ajin ya ce Gwaggo ta zo ta shaida musu 'Yar Baba ba za ta samu zama ba bana saboda ciwo. Mara lafiya tana bita, mai jarabawa tana tsalle? Umma ta kai wa Baffa maganar, ya ce, "Ke dai ba ki gaji da sharri ba ko? Fita min daga shago."

Ranar jarabawa ta kasa zama. Ta feƙe fensira biyu, ta tafi ta raɓe a jikin katangar makarantar cikin iyaye. Can sai ga Gwaggo riƙe da hannun yarinya sanye da rigar Lele, an ja mata mayafi har goshi. Yaran biyu suna kama ƙwarai, jini ɗaya ne, amma wa zai ɓoye wa Umma tafiyar 'yar da ta goya? Ta yunƙura za ta yi ihu, sai ta tuna wace ce ita a idon mutane yanzu, wa zai yarda? Kafin ta yanke shawara an rufe ƙofa. Ta zame ta zauna a ƙasa, bakinta yana ta motsi da addu'a.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da mai gadi ya leƙo yana tambayar iyayen wata yarinya, ya kira sunan 'Yar Baba na yanka. Gwaggo ta yi wuri-wuri da ido ta fara ja da baya, Umma kuwa ta riga kowa shiga. A ofis ta tarar da shugabar masu kula da jarabawa, takardu a gabanta, yarinyar tana tsaye a gefe.

"Katin da ta shigo da shi suna daban, kujerar da ta zauna suna daban," in ji shugabar, "amma kowane shafi, ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta wani sunan a samansa, sunan yarinyar da muka sa ba ta zo ba. Wace ce wannan?"

'Yar Baba ta faɗa jikin Umma ta fashe da kuka. "Umma, wallahi na so in rubuta na Lele! Gwaggo ta ce in ban yi ba za ta sa a ɗaure ki saboda ƙunar hannuna. Na yi ta maimaita sunan a hanya... da na ɗauki fensir sai na ji muryarki, ban ma san na rubuta nawa ba. Ki yafe min, Umma, na ja miki!"

"Ba ki ja min komai ba, 'yata. Ba ki ja min komai ba..."

Mai gadi ya shigo da Gwaggo, ɗankwali a hannu, tana rantse-rantse. Aka kira Baffa, ya zo ya ji komai daga bakin yarinyar, har yadda ta ƙone garin ɗauko littafi a kan teburin guga. Mutumin ya nemi kujera ya zauna, ya rufe fuska da hula. Aka soke sunan Lele, aka miƙa uwarta ga hukuma, ta fita ana nuna ta da yatsa a gaban iyayen da ta gama yi wa fankama. 'Yar Baba kuwa aka mai da ita kujerarta ta gaskiya ta ƙarasa sauran takardun, da fensiran Umma.

Da sakamako ya fito sunanta yana cikin na sama-sama. Maƙwabtan nan dai, masu taɓe baki, su ne suka fara cika ɗakin da barka, kowacce tana cewa ita dama ba ta taɓa yarda ba. Mhm! Umma ta ba su wuri suka zauna. Da yamma Baffa ya zo da yadin kayan makaranta a hannu, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Matar Yaya, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Na yafe, Baffansu. Tashi, kada yarinya ta gan ka haka."

Ta shimfiɗa yadin a ƙasa, idonta ya cika da hawaye har ba ta gani sosai, ta lalubo almakashi za ta fara yanka. Sai 'Yar Baba ta riƙe mata hannu, ta buga tebur da ɗayan, ta miƙo mata alli.

"Umma! Sunana tukuna."