Tafin Hannun Sanjida

A taron masu binciken ƙwayoyin halitta a Dhaka Imrul ya fara ganinta, kuma ba da daɗi aka fara ba. Ya gama bayanin bakteriyar da ya sauya wa DNA don ta riƙa rina ruwa ja idan akwai gubar arsenik a ciki ke nan, sai wata siririyar budurwa ta miƙe daga can baya.

"Yaya Imrul, sunana Sanjida. Na sauke fayil ɗinka. Wani yanki ka sa masa suna 'na ƙarshe', wani kuma 'na ƙarshe na gaske'. Da wanne zan yi aiki?"

Zauren ya kwashe da dariya. Dama abin da ya tara su ke nan, a yarda da tsari ɗaya na rubuta irin wannan zane na DNA, a kuma sake shi kyauta, yadda kowane ɗakin gwaji zai buɗe ya gane ba sai ya nemi mai shi ba. Imrul kuwa gwani ne, amma rubutunsa shi kaɗai ke iya karantawa.

Lokacin shan shayi ya same ta. Kowa ya cire safar hannun gwaji, ita tata shuɗiya na nan.

"Kin kunyata ni a gaban malamaina. Sai ki biya da shayi."

"Ka gyara fayil ɗin, in saya maka har da shingara, samosan nan mai dankali."

Tare suka gyara shi, yanki bayan yanki. Kafin damina ta wuce ya raɗa mata suna Shuɗin Hannu, saƙonninsa kuma suka daina zama na aiki kawai.

"Shuɗin Hannu, yau ruwan gwaji ya yi ja. Ke na fara nema da ido, sai na tuna kina gida."

"Ina Chandpur wajen Amma, mahaifiyata, jikin nata ya motsa. Ka yi mata addu'a, ni ka bar ni da kewarka."

Da ta dawo ne ta zare safar a gabansa. Tafin hannunta duk kanta ce da ɗige-ɗige baƙaƙe. Ta ce famfon gidansu ne. Sun sha ruwansa tun tana goyo kafin a zo a shafa masa jan fenti, alamar akwai guba, kuma shi ya kwantar da mahaifiyarta.

"Yanzu ka gani. In za ka tafi, ka tafi tun ban saba da kai fiye da haka ba."

Ya kama hannun ya riƙe, ita ce ma ta fara kuka.

Ranar da suka saki zanen ga duniya, mai kamfanin da Imrul ke wa aiki ya sallame shi, don shi so ya yi a kulle abin a sayar. 'Yarsa Nabila, wadda mahaifiyar Imrul ta daɗe tana yi wa kallon suruka, ita ta taɓa hango hannun Sanjida ba safa, ta kai wa tsohuwar labarin har gida.

Mahaifiyar Imrul ta aika a kira Sanjida. Ta ba ta wurin zama, ta zuba mata shayi, sannan ta ce, "Buɗe hannunki in gani."

"Khala," in ji Sanjida, yadda ake kiran ƙanwar uwa, "ba ya yaɗuwa. Ruwa ne..."

"Na san abin nan tun kafin a haife ki. A jini yake. Ba zai shiga jikokina ba."

Sanjida na fita ta jiyo an ce wa mai aiki ta ware kofin da ta sha. Wannan kofin ya fi maganar yi mata ciwo. Ta kuma ɗauka Imrul ne ya faɗa, don shi kaɗai ta taɓa nuna wa. Cikin makon nan mahaifiyarta ta rasu, ta koma Chandpur ta daina ɗaga waya.

"Sanjida, wallahi ba daga bakina aka ji ba. Na zo jana'iza, na tsaya cikin maza, ban iya aika a kira ki ba. Allah ya jiƙan Amma."

Ta karanta, ba ta amsa ba. Baƙin ciki biyu ya haɗu mata, ba ta san wanne za ta fara yi wa kuka ba.

Shi kuwa zanen bai zauna jiran kowa ba. Ɗalibai a Khulna suka buɗe, suka haɗa nasu. Wasu a Jessore suka bi ƙauyuka da 'yan kwalabe, duk abin da suka samu sai su ɗora a tsari guda, kowa na gani. Imrul da ba shi da aiki sai dubawa, wata safiya ya ci karo da sunan ƙauyen su mahaifiyarsa. Akwai hoton famfo a gindin bishiyar mangwaro, da kwalba ja wur a hannun wani ɗalibi.

Ya sami mahaifiyarsa tana tsince shinkafa, ya miƙa mata wayar.

"Amma," ya kira ta yadda ake kiran uwa, "kin gane wurin nan?"

"Gidan Abba ne. Mene ne wannan jan?"

"Guba ce. Tun da aka haƙa shi tana ciki. Ke aure ya ɗauke ki da wuri kika taho birni."

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ambaci sunan da Imrul bai taɓa ji a bakinta ba sai a addu'a, wato Shefali, ƙanwarta. Mijinta ya maido ta gida saboda irin wannan hannun. Aka ce kuturta ce, aka ware mata kwano da ɗaki har ta rasu.

"Ni nake ɗebo mata ruwa in na je," in ji ta. "Daga famfon nan. In ajiye a bakin ƙofa don kada in taɓa ta. Ashe ruwa ne, Imrul?"

Shinkafar ta zube, ba wanda ya kula. Washegari ta sa shi a gaba suka hau jirgin ruwan Chandpur.

Sanjida ta fito da hannayenta a cikin mayafi. Tsohuwar ta nemi ruwan sha, ta ce lallai a kofin Sanjida za a kawo.

"'Yata, ba shi ya faɗa mini ba, Nabila ce. Ni kuma na yi miki abin da na yi wa ƙanwata. Ita ba ta nan balle in roƙe ta. Ki yafe mini."

Sanjida ta yafe, aka sa ranar aurenta da Imrul. Bikin ba a yi shi da hayaniya ba, don gidan na cikin makoki. Ranar shafa kurkum, an saba a shafa wa amarya a goshi da kumatu. Mahaifiyar Imrul ta ɗebo nata, ta buɗe tafin hannun Sanjida a gaban mata duka, ta shafa a hankali har kan kowane ɗigo, hawayenta na sauka a kai.

Wayar amarya ta yi ƙara a cinyarta. "Shuɗin Hannu, an ce yau kin koma rawaya. Kada ki sake rufe shi."

Allah ya jiƙan Shefali da mahaifiyar Sanjida, ya ba waɗannan biyu zaman lafiya da zuri'ar da za ta sha ruwa mai tsabta.