Kwakwar Jikata a Bakin Iyaka

Duk gidanmu babu wanda ake zalunta kamar ni. Ni ne mai kyan gashin baki, ni ne mai iya zance, amma da aikin wahala ya taso sai a ce, "Ina La Hemma?"

Ranar da 'yata Tenri ta haihu, mijinta yana teku kamun kifi. Matata Indo Sennang ta wanke mabiyiya, ta sa a 'yar tukunya da gishiri da tsamiya, ta haɗo da kwakwa mai tsiro ta miƙo mini.

"Malam, sai kai. Kuma don Allah yau ɗaya ka rufe bakin nan."

"Ni? Yaushe na taɓa surutu?"

"Ko a barci ma musu kake yi."

Haka muke yi tun da kakan kakana La Sakka ya tsallako teku daga ƙasar Bugis, ya haƙa korama a fadamar Jambi. Masu dajin, iskokin nan da ba a ambata da yamma, sun yarda masa da abu ɗaya: ƙasarsa ta tsaya inda kwakwar zuriyarsa ta tsaya. Don haka kowane jariri sai a binne mabiyiyarsa da kwakwa a ƙarshen layi, a ƙara cin dajin kaɗan. Mai kaiwa yana wucewa yana kiran sunan mai kowace bishiya. Ba ya waiwaye, ba ya amsa wa kowa sai ya rufe rami. In ya amsa, jaririn ba ya kai ranar suna. An taɓa yi, giɓin yana nan a layin.

Ruwan teku bai ciko koramar ba sai dab da magariba. Na shiga kwalekwale, tukunya tsakanin ƙafafuna.

"La Sakka," na ce wa bishiyar farko. "I Cenning. La Baddu. I Halija."

Hayaƙin ɓawon kwakwa ya biyo ni daga gari, sannan ya bar ni da warin laka. Kwaɗi suna ta yi. Sauro yana cin wuyana.

Ina wuce giɓin nan, kwaɗin suka yi tsit.

Ta baya kwalekwalen ya nutsa kaɗan, kamar wani ya zauna.

Sai ƙanshin taba mai kanumfari, irin ta mahaifina. Shi kuwa da hannuna na sa shi a kabari.

"Hemma," in ji muryarsa, ƙasa-ƙasa. "Ba gaisuwa?"

"Ambo Rappe," na ce, don daidai bishiyar mahaifin nawa muke. Sunan kawai.

"Dubi taka can. Duk layin babu gajeriya kamarta. Yadda mai ita yake."

Na cije. Ƙarya ce, ƙasar wurin ce ba ta da kyau.

"La Hemma," na ce wa kwakwata.

"Gashin bakin nan, kowa fa ya san rini kake yi masa."

Jama'a, ni da na taɓa yin musu da mai sayar da gishiri har kasuwa ta tashi! Amsa ta zo har bakina. Na haɗiye ta.

"Tenri," na ce wa kwakwar 'yata.

Nan ne ƙarshen layi. Gaba sai daji, baƙi ƙirin, saiwoyi tsaye cikin ruwa. Na sauka, laka ta kai mini gwiwa. Na soma haƙa da fartanya.

Ƙanshin tabar ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, na kifin da ya kwana a rana.

Takun gudu a bayana. Haki.

"Baba!" Muryar Tenri. "Baba, bari! Yarinyar ta daina numfashi, zo ka yi mata addu'a!"

Fartanyar ta kusa suɓuce mini.

"Baba, ba ka ji ne?"

Ina ji. Amma mai jegon da ko tsayuwa ba ta iya yi, ta yaya ta iso nan?

Na sa tukunyar a rami. Wani abu mai sanyi ya fito daga cikin lakar ya kama wuyan hannuna. Yatsu ne, dogaye, sun zagaye shi har sun haɗe.

Numfashi a kunnena. "Ka ce uffan. Kalma ɗaya, mu sake ka."

Da hannu ɗaya na ɗora kwakwar. Da ƙafa na tura laka. Na taka, na sake takawa, har ramin ya shafe.

Sannan na buɗe baki.

"Wannan 'yar Tenri ce, jikar La Hemma, jinin La Sakka! Nan ma ya zama namu! Ku matsa, marasa kunya, masu aron muryar matattu! Kuma gashin bakina nawa ne!"

Dajin gaba ɗaya ya yi gurnani.

Na fizge hannuna, fata ta saluɓe. Ruwa ya soma janyewa, kwalekwale ya kafe. Na bar shi. Na bi layin da ƙafa, ina faɗawa daga wannan kwakwa zuwa waccan, ina rungumar iyayena ɗaya bayan ɗaya. Abin yana biye da ni ta gefen daji, yana karya rassa. Bai tsallako layin ba.

Na isa gida babu takalmi, babu hula. Jaririyar tana tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

An raɗa mata suna Sagena. Kwakwarta ta kama.

Sai dai a gefenta wata ta tsiro, wadda babu wanda ya dasa, ganyenta baƙi. Kuma a cikin layinmu take. Na sare ta, ta dawo. Na ƙona ta, ta dawo.

Indo Sennang ta ce, "Malam, in ka zo wucewa ka riƙa ɗan gaishe ta, a zauna lafiya."

Ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Duk mai son a kira shi a layinmu, ya fara faɗin sunan ubansa.