Koren Ruwan Zubair

A bakin tafkin kifin da ya gada a Malisa Zubair ya fara ganin Halimatusa'adiya, ɗalibar jami'a daga Kalgo. Ta zo ɗibar ruwa a kwalba don bincike, ta tarar da shi yana kwashe matattun 'ya'yan tarwada, karo na biyu ke nan cikin shekara.

"Ruwanka ya cika tsabta," in ji ta. "Babu plankton ciki."

"Mi ke nan kuma?"

"Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Ba su da ƙarfin iyo, ruwa ke kai su inda ya so. Su ƙananan kifi ke ci. Kai kuwa da ruwa ya yi kore sai ka zubar."

Bincike ya ƙare, zuwa Malisa bai ƙare ba. Da Zubair ya nemi aurenta, mahaifinta Malam Hamidu, tsohon masunci, bai yi sanya ba: "Wanda ya kasa raya kifi, ɗiyata za shi riƙe? In zubi na uku ya mutu, kar shi sake tako gidan ga."

Zubair ya zuba 'ya'yan kifi karo na uku, ta sa shi ya jefa buhun kashin kaji a tafkin don plankton su yaɗu. Ruwa ya fara kore, maƙwabta suka yi ta dariya. Ana haka ya ji wani Rilwanu ya kai gaisuwa Kalgo. Zuciya ta ɗebe shi, ya zubar da koren ruwan kaf, ya cika tafkin da sabo. Rabin kifin suka mutu, ya zauna ya yi kuka wiwi, babu mai ba shi haƙuri.

Kwana huɗu shiru, sannan saƙonta ya shigo:

"Masoyina, ni na mayar da gaisuwar Rilwanu. Ka ji mini ciwo ƙwarai. Don Allah ka bar ruwan nan ya huta."

Ya amsa: "Sadiyata, na yi wauta. Ki yafe mini."

Bayan mako uku Malam Hamidu ya zo da kansa, fuska a murtuke. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwa. Tafinsa ya ɓace cikin kore, 'yan kifi suna cizon yatsunsa.

Ya zaro hannunsa, ya dubi Zubair.

"Rabi ka kashe," ya ce. "Ɗiyata ɗaya ce, ba ta da rabi. Turo magabatanka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure a Kalgo. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.